Mehluli Mai Gilashi a Hannu

Mehluli Tshuma mai hoto ne a bakin tashar bas ta Makokoba, shekara goma sha biyu yana ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, kuma kowa ya san kyamararsa ba lafiya gare ta ba. Tun ranar da ta faɗo daga kan benci bakinta ya karye gilashin ya daina zama, shi kuma bai kai gyara ba, sai ya koyi riƙe gilashin da hagu a gaban ramin yana karkata shi kaɗan kaɗan. Hotunan sai su fito wani iri, ido ɗaya tar, sauran fuskar kamar tana narkewa, ga wani jan haske da ke shigowa ta tsakanin yatsunsa. Amare duk suka gudu. Masu tumatir kuwa, da ke ce masa Malume, wato kawu, kullum tsokana, "Malume, ɗauke mu mana mu ga yadda za mu zama in mun mutu!"

"Ke ai ba sai na ɗauka ba," in ji shi.

Masu makoki ne suka riƙe shi, don in ya juya gilashin baya ya koma gaba, fuskar da ba ta kai ƙwayar masara ba sai ta cika allon kyamara, daga nan a kai wa masu sassaƙa su ɗora a dutsen kabari.

To wata Laraba da rana tsaka sai ga wata tsohuwa, Gogo MaNyathi, da hoto a naɗe cikin ɗankwali. Mijinta ya mutu a ramin zinariya a birnin Goli, can kudu, shekara talatin da takwas da suka wuce, sai yanzu 'ya'yan suka haɗa masa dutse, ranar Asabar za a buɗe a kira ruhinsa ya dawo gida kamar yadda ake wa kowane mamaci a al'adarsu. Hotonsa ɗaya ne tak a duniya, shi ma cikin ma'aikata arba'in, kowa da hular kwano.

"Ɗana, kar ka ba ni wani fa," ta ce. "In aka sa fuskar wani, wani za a kira, wani zai shigo min ɗaki."

"Wanne ne, Gogo?"

"Sahu na biyu, na uku daga nan."

Ya juya gilashi ya sunkuya ya riƙe numfashi, fuska ta fito, ya miƙa mata, ta kai allon har hancinta saboda yanar ido ta fara rufe mata gani.

"Wannan mai kumatun? Ni na auri wannan? Matsa gaba!"

Ya matsa. Na gaba kunnensa ya yi faɗi, na gabansa wai ya yi kama da ɓarawon akuya, Mehluli yana ta dariya, har suka gama sahu biyu sai ya lura ta daina yi wa kowa ba'a. Suka gama na uku, suka gama na huɗu. Arba'in cif. Ta ajiye hannuwa kan cinya.

"Na manta shi," ta ce a hankali.

Hannunsa ya riga ya gaji, gilashin ya zame ya karkace da kansa, ma'aikatan duk suka narke, sai fuska ɗaya ta fito can ƙuryar baya inda takardar ta ƙare, rabinta a yanke, babu hula. Bai ƙirga da ita ba. Ya janye kyamarar ya dubi takardar da idonsa, ba komai wurin sai tabo kamar na danshi. Ya mayar, ga ta nan tar. Ya karkata gilashin ɗaya gefen, inda dole ta dushe, shekara nawa yana wannan aikin ya sani, amma ba ta dushe ba. Kuma duk sauran mai hoto suke kallo, shi wannan gefe yake kallo, daidai inda Gogo take zaune. Mehluli ya ɗaga kai ya duba, ga rana tana dukan kwano, ga yaran mota suna ta ihun fasinja.

Gogo ta leƙo. Ta matso da idonta kan allon, sai ta yi wa fuskar magana.

"Kai baban Nkosana, ko a hoto ma sai ka ɓuya?"

"Gogo tsaya, wannan fa ni ban gane..."

"Danna, ɗana."

"In ba shi ba ne fa?"

"Na ce danna!"

Ya danna.

Ranar Asabar aka buɗe dutse, aka yanka sa, aka kira mamaci gida. An gayyaci Mehluli cin nama, ya ce cikinsa ke ciwo. Yana nan har yanzu a rumfarsa da gilashi a hannu, amma hoton taro ba ya ƙara karɓa sai mai shi ya nuna fuska ɗaya ya tsaya a kanta. Gogo kuwa ta yi ƙiba, ta daina dogara sanda, duk Laraba tana wucewa ta tashar za ta coci, sai ta ɗaga masa hannu daga nesa ta ce, "Ya ce a gaishe ka."