Sahun Masu Zanzana

Yaran yanzu ba su san agana ba, ina kuma roƙon Allah kada su san ta. Sai dai su ga tsoho fuskarsa duk ƙananan ramuka, su tambaya me ya same shi. Waɗannan ramukan su ake kira zanzana, su ne abin da ciwon yake bar wa wanda ya tashi. A ƙauyenmu, can tsakanin Kusada da Mawashi, ko yaro ya san agana ba ta kama mai zanzana sau biyu.

Zamanin Turawa ne, aurena bai daɗe ba. Da kaka masu lamba suka zo daga Kankiya, masu tsaga dantse su shafa maganin rigakafi. Mai gari ya sa aka yi shela kowa ya fito gindin rimi. Ni abin da ya tsaya mani a rai shi ne a ce wani ƙato ya kama hannun matata yana tsagawa. Na ce ta shiga rumbu ta zauna, ni kuma na faɗa cikin karan dawa.

Ta ce, "Maigida, su Yaya duk sun tafi fa."

Na ce su Yaya ba matana ba ne. Ta shiga. Wannan laifi nawa ne, ban taɓa raba shi da kowa ba.

Da bazara ta yi tsanani sai zazzaɓi ya kwantar da matata, tana kukan baya kamar zai rabe. Da ƙuraje suka feso mata a goshi da tafin hannu, matan gidanmu suka kwashe 'ya'yansu suka koma sassan 'yan'uwa. Umarnin da aka aiko wa mai gari shi ne duk wanda agana ta kama a fitar da shi bayan gari. An riga an kafa bukkokin kara a wani fako kusa da tsamiya, an kewaye su da shingen ƙaya. Wanda ba shi da lamba ko zanzana ba ya ƙetare shingen nan. Ni ba ni da ko ɗaya, kuma ko da an ce in shiga, ban san ko ƙafata za ta ɗauke ni ba.

Na yarda Allah ke da rai. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Fatake sun sha ba da labari a kasuwar Kankiya cewa a wasu garuruwa mai agana yana mutuwa shi kaɗai, ba mai ɗiga masa ruwa, ba mai tuna masa kalmar shahada, sai an ga ungulu sun fara shawagi a san ya cika. Wannan nake ji mata tsoro. Mahaifiyata ta rasu tun ina yaro. Surukata ta taso daga Sukuntuni da ƙafa, amma ita ma fuskarta sumul, maza suka tare ta a ƙofar gida tana kuka.

Ina tsaye a zaure na rasa wanda zai ma ɗauke ta zuwa fakon, sai ga wata tsohuwa ta shigo tana jan jaki. 'Yar Mawashi ce mai sayar da daddawa, ƙawar kakata, don haka tun ina ƙarami take ce mani mijinta. Fuskarta zanzana ce tun daga goshi har wuya, hancinta ma ya ɗan cinye. Ba wanda ya aika mata. A bakin rijiya ta ji.

Ta dube ni ta ce, "Kai, dubi mijin nawa yana rawar ɗari da bazara. Matsa mani, ragon maza."

Na ce, "Inna, ba a shiga."

"Ku ne ba ku shiga. Ni da agana mun gama cinikinmu tun kakarka tana budurwa. Kawo zane mai laushi, ka ajiye nan ka ja da baya."

Ta shiga ɗakin kamar mai shiga nata. Can ta fito rungume da matata, tsohuwar da ba ta iya ɗaukar tulu sai an aza mata. Ta ɗora ta a kan jakin, ta tallabe ta da kafaɗa, suka bi ta bayan gida. Na bi su daga nesa.

A wurin na ga abin da ban san da shi ba, ko da yake a ƙasar aka haife ni. Ashe idan ciwon nan ya sauka, masu zanzana ba sa jiran kira. Kowa ya ji labari yakan bar abin da yake yi ya taho. Ba su da shugaba, ba wanda ya naɗa su, wasu ma ba su san juna ba sai a nan. Akwai mahauci daga Kusada, mutum mai faɗan tsiya wanda ko kare ba ya raɓar rumfarsa. Akwai wani malami daga Kafinsoli da agana ta cinye wa ido ɗaya yana yaro. Akwai mata da ban san daga inda suka fito ba, da wani Bafillace da ya bar wa ƙanensa shanu. Su ke ɗebo ruwa, su ke share bukkoki, su ke juya marasa lafiya.

Mu na waje aikinmu kaɗan ne. Akwai wani faffaɗan dutse a bakin shinge, nan muke ajiye kunun tsamiya da itace mu koma. Ƙwaryar da ta shiga ba ta fitowa. Tsohuwa ta sa ni ɗebo rairayi daga rafi kullum, in tankaɗe shi da rariya, domin tabarma tana manne wa fatar mai agana, sai a kan rairayi mai laushi yake iya kwanciya. Ta ce in samo man shanu da gashin kaza, da shi take shafa mata a leɓe da fatar ido. Na riƙa kawo rairayin nan fiye da yadda ake bukata, har mahaucin ya leƙo ta kan ƙaya ya ce, "Kai ɗan samari, gini za mu yi ne?"

Wata safiya tsohuwa ta zo bakin shinge ta yafito ni. Ba wasa a fuskarta.

Ta ce, "Idanunta sun rufe, ba ta gani. Amma kunnenta ras. Tana tambayar ko ka koma gida."

Na ce, "Ki ce mata ina nan."

"Ni 'yar aikenka ce? Ba ka da baki? Zaga ta gabas, bukkarta ce ta kusa da ƙaya. Ka tsaya inda iska ke fitowa ka yi mata magana."

"Me zan ce mata, Inna?"

"Ka ji mani shashasha. Da kake zuwa zance gidansu ni nake rubuta maka? Faɗa mata abin da akuyarta ta ci."

Haka na yi. Na tsaya cikin rana ina ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi. Na ce akuyarta ta haihu, na ce kazar nan mai wake-wake ta fara kwanci a bayan murhu, na ce mahaifiyarta tana gidanmu tana gaishe ta. Ban taɓa yi wa matata magana mai tsawo haka da rana tsaka ba, balle a gaban mutane. Na ji kunya da farko. Ba wanda ya yi dariya. Bafillacen da ke wucewa da tulu ma rage tafiya ya yi don kada ƙarar takunsa ta rufe muryata. Idan ta amsa, ba na ji, sai tsohuwa ta leƙo ta faɗa mani. "Ta ce ka ɗaure akuyar a inuwa." "Ta ce ba ka iya dama fura ba, ka bar wa innarta." Kullum haka, har muryata ta dishe.

Ranar da za ta rasu, da hantsi, malamin mai ido ɗaya ya fito bakin shinge ya kira ni. Mutum ne mai sanyin magana.

Ya ce, "Ɗana, ƙarfinta ya ƙare. Zan iya tuna mata kalma, aikina ne. Amma muryarka ta saba ji. Ka faɗa a hankali, kada ka ce mata ta faɗa, kai dai ka riƙa faɗa. Mu muna ciki."

Na zaga ta gabas. Na buɗe baki, sai murya ta ƙi fita, ga dishewa ga kuka. Abin da ya fito ko ni da ƙyar na ji shi. Sai na ji mahaucin nan, ashe yana tsaye daga cikin shinge daf da ni, ya karɓi kalmar daga bakina ya faɗa da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba. Wata mata a ƙofar bukka ta karɓa daga gare shi. Daga ciki na ji tsohuwa ta maimaita, tana cewa, "Ga maigidanki yana faɗa." In na faɗa su karɓa, in na yi shiru su jira ni. Ba wanda ya riga ni ko sau ɗaya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can sai na faɗa, mahaucin bai karɓa ba. Ya cire hularsa ya share fuska da ita, ya ce, "Sai haƙuri. Ta faɗa da bakinta, na ji."

Kabari mu na waje muka haƙa, a gefen fakon. Ƙasar bazara ta yi tauri, sai da muka yi ta zuba ruwa. Na karɓi diga na ƙi sakinta, ƙannen mahaifina suka ƙyale ni. Da muka gama muka jera itace a gefe, muka kwaɓa ƙasa, muka ja da baya can nesa. Matan ciki suka yi mata wanka, suka suturta ta da farin ƙyallen da surukata ta ajiye a kan dutse.

Sai aka buɗe ƙaya, suka fito da ita a kan makara. Limamin garinmu, dattijo mai ilimi wanda ba a taɓa yin jana'iza wani ya shiga gabansa ba, ya ɗaga murya ya ce wa malamin Kafinsoli, "Malam, bisimilla, yau mu ne a bayanku."

Masu zanzana suka yi sahu kusa da ita. Mu muka yi namu can baya, tsakaninmu da su fili mai faɗi, ba komai sai ƙasa da rana. Kafin a kabbarta suka waiwayo su ga ko mun daidaita, na ga fuskokinsu a jere. Fuskokin da yara ke tsokana a kasuwa, waɗanda ake cewa a rage musu sadaki, waɗanda ni kaina na sha kawar da ido daga gare su. Na ga mutanen da Allah ya taɓa kaiwa bakin kabari ya dawo da su, ya bar musu shaida a fuska, sannan ya ajiye su a garuruwa daban-daban, ɗaya na fawa, ɗaya na kiwo, ɗaya na daddawa, har ranar da za a bukace su. Mai gari da liman da attajiran garinmu duk suna baya, sun sunkuyar da kai. Malamin ya yi kabbara, muryarsa ta ratso filin nan ta iso mu, muka amsa.

Su suka sa ta a kabari, su suka jera itace suka rufe. Sai da ƙasa ta hau sosai aka ce mu matso. Na zuba tawa da hannu. Bayan haka suka cinna wa bukkarta wuta, da rairayin da ƙwaryar da zanen.

Na koma gida na shimfiɗa tabarmi a zaure don zaman makoki. Mutane suka riƙa zuwa, amma daga bakin hanya suke tsayawa su ɗaga hannu su ce Allah ya jiƙanta, su wuce. Ban ga laifinsu ba. Tabarmin nan suka wuni ba wanda ya zauna, daga ni sai surukata a cikin gida tana sheshsheƙa.

Washegari da la'asar sai ga su, sun yi wanka a rafi sun sauya tufafi. Malamin ya zauna dama da ni ya yi addu'a. Tsohuwa ta wuce cikin gida kai tsaye, na ji ta tana ce wa surukata, "Taso ki ji, ɗiyarki a cinyata ta cika, kanta na nan, hannuna na nan. Ba ta yi minti ɗaya ita kaɗai ba." Kukan surukata ya ƙaru, daga baya ya lafa, na ji suna magana ƙasa-ƙasa.

Mahaucin ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya jawo butar ruwana da ba wanda ya yarda ya taɓa tun ranar da ciwon ya shigo gidan, ya kafa kai ya sha sosai. Ya ajiye, ya goge gemu, ya dube ni.

"To, kai," ya ce, "a gidanku ba a ba masu gaisuwa fura ne?"

Na tashi na shiga ciki in faɗa wa surukata ta dama.