Irin Gero Cikin Robobin Man Shafawa

Burkusuma zuwa Sabon Birni

Ladan bai yi kiran farko ba na ɗaura kallabina na fito. Sani mai kabu-kabu ya ce in same shi gindin tsamiyar bakin gari. Na same shi kwance bisa mashin yana minshari. Na buga tankin da tafin hannu.

"Tashi. Ba barcinka na zo kallo ba."

Iri ne ya fitar da ni. Sau biyu Baba yana yin binne bana, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa ya iske shi a can. Duka biyun yayyafi ne ya sauka. Gero ya leƙo, rana ta ƙone shi. Irinmu ya ƙare ƙaf. Gwaggo Hajo, yayar Baba da ke aure a Turba, ta aiko cewa tana da ragowar gero mai saurin nuna, a zo a ɗauka. Sai dai an kafa shinge tsakanin Isa da Sabon Birni, duk hatsin da ya nufi wajen iyaka sauke shi ake yi, a ce Nijar za a ƙetara da shi. Mu kuma a bakin iyakar muke. Gwaggo ta ce kada a turo namiji, a turo mace. Ni na yi sakandare a Isa, na san hanya, sai aka ce ni.

Da za ni fita Baba ya biyo ni har zaure. "Balki, ki riƙe bakinki bisa hanya." Na ce to. Shi ma ya san ban yi alkawari ba.

Da gari ya waye na ga abin da duhu ya ɓoye. Gonaki fari fat, kunya-kunya babu ko ganye ɗaya. Mun wuce wasu Fulani suna kora shanu kudu, ƙasusuwan haƙarƙarin shanun a waje. Sani bai daina ɗaga kai yana duban gabas ba, har ya kusa jefa mu cikin rairayi.

"Ka dubi hanya," na ce. "In ruwa ya zo yau ma mu ba mu da abin shukawa."

Wannan tunanin ne ya bi ni duk tafiyar. Idan ruwan gaske ya sauka ina hanya, danshin zai wuce kafin in iso.

Sabon Birni zuwa Isa

Mun shiga tasha da hantsi. Na sha koko wajen wata mata, ruwa ne kawai aka nuna wa gari. Na gaya mata haka. Ta ce, "To ki kawo hatsin, 'yar gata, in dama maki mai kauri." Na shanye na biya ta, don ta fi ni gaskiya.

Motar Isa ta ƙi cika. Direba sai cewa yake saura mutum guda, an kawo mutum uku yana nan yana saura mutum guda. Rana ta yi tsaka kafin muka tashi.

A shingen ba a tsayar da mu ba, tunda kudu muka nufa. Amma na buɗe ido na duba. Igiya ce da ganguna biyu, da mutum huɗu ƙarƙashin rumfa. A ɗaya hannun sun tsayar da wata mota, sun sauke wani dattijo da ɗan ƙunshin dawa wanda bai fi kwano uku ba. Ya cire hula yana roƙo. Ɗaya daga cikin masu shingen yana soka tsinken ƙarfe cikin kowane buhu da ke bayan motar. Gobe ni ce a wancan hannun.

A Isa ban tsaya gaida kowa ba. Na hau wani mashin sai Turba.

Turba

Na isa bayan azahar. Wanda bai san Gwaggo Hajo ba zai ce bola ta tara a tsakar gida. Tun da mijinta ya kwanta ciwo, da abin da mutane suka yar take ciyar da gidan. Tana bin gidajen amare tana karɓar robobin man shafawa da suka ƙare, da gindin jan-baki, da guntayen sabulu. Sabulun takan jiƙa su ta dafa, ta zuba cikin gwangwanin tumatir, su fito dunƙule sababbi. Jan-farcen da ya daskare, da shi take toshe hudar kwano da buta. Kwalbar turare ta zama ta kananzir. Ruwan wanke-wanke ma ba ya zuba banza, cikin tsohuwar gora mai huda yake shiga, yana ɗiga a gindin zogalenta. Zogalen nan shi kaɗai ne koren abu da na gani tun safe.

"'Yar boko ta iso," ta ce. "Zamna ki sha ruwa."

"Gwaggo, ina irin?"

"Ke ko gaisuwa ba a koya maku can? Halin ubanki sak. Shi ya binne iri don gaggawa, ke za ki binne kanki."

Ta fito da tulu daga ƙarƙashin gado. Tiya biyu ne, cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci. Na tsoma hannu na ji sanyinsa.

Daga nan muka kama aiki. Ta sa na wanke robobi da toka da ruwan zafi har suka daina santsi, don ta ce maiƙo yana kashe iri. Muka shanya su. Ta kankare gindin jan-baki da tsinke cikin kasko, ta haɗa da man kaɗanya da ragowar basilin, ta ɗora bisa garwashi. Ya narke ya yi launin kamar na kanti, har da ƙamshi. Kowace roba ta ɗura gero ta danna shi da babban yatsa don kada ya yi ƙara, ta shimfiɗa leda biyu, sannan ta zuba man a sama kaurin yatsa guda. Da ya daskare, ko ni da na ga an yi sai na rantse mai ne har ƙasa.

"Namiji ba ya tona kayan shafan mata," ta ce. "Kunya yake ji a gan shi."

"In ya tona fa?"

"Sai ki ce ni na aike ki, su zo su kama ni da tsufana."

Mun ci tuwon dawa da miyar zogale. Ban yi barcin kirki ba.

Da safe mai mashin ya zo yana ta danna oda a ƙofar gida. Gwaggo tana jera robobin cikin jakar da ta ɗinka da tsohon buhu, tana cewa akwai uku da mai ne zalla, ko wani zai roƙa a hanya. Ta kife ɗaya tana nuna mini ɗigon jan-farce a gindinta. Na ce, "Na ji, na ji," na fizgi jakar. Ban ji ba.

Shinge

Daga Isa na samu mota da wuri. Na ƙi yarda a sa jakar a but ɗin baya, na rungume ta bisa cinya. Rana tana dukan gilashi, ina jin robobin suna ɗumi, ina tsoron man ya narke ya tsiyaya cikin geron. Na yaye mayafina na lulluɓe su.

Aka ɗaga mana hannu. Aka soke buhunan baya, albasa ce. Sai wani mai ƙaton ciki ya leƙo ta tagata.

"Ƙanwata, mi ke cikin jakar ga?"

"Kayan shafa na, yallaɓai. Na mata."

"Buɗe."

Na buɗe. Ya ɗauki ɗaya ya murɗe murfin ya sunsuna. Ya dangwala yatsa a sama. Da ya ƙara dannawa kaɗan, leda zai taɓa. Sai abokansa suka fashe da dariya daga rumfa.

"Shafa mana, mu ga ko ka yi fari!"

Ya yi maza ya rufe, ya goge yatsan a wando. Gwaggo ta san mutanenta. Na fara ja da zip.

"Tsaya. Uwargida ba ta samun tsaraba?"

Nan ne kaina ya ɗaure. Na kife roba ɗaya, ga ɗigo. Na kife wata, babu. Mai ɗigon ce mai zalla, ko marar ɗigon? Direba yana cewa, "Ba shi mu tafi, don Allah." Na ce a raina, ai abu mai daraja ake yi wa alama. Na ɗauki marar ɗigo, babba, na miƙa masa da hannuna biyu, har da cewa a gaida uwargida.

A tashar Sabon Birni na ja gefe bayan wata rumfa, na soka tsinken tsintsiya cikin mai ɗigon. Ya nutse har ƙasa. Mai ne zalla. Wato robar da ta fi kowace ɗaukar iri na ba shi, ga kuma uku na banza ina ɗauke da su. Na zauna a ƙasa. Sani da ya zo ɗaukata ya ce lafiya. Na ce ya tayar da mashin ya rufe mini baki.

Duk hanyar gida ina tunanin matar mutumin nan. Ran da yatsanta ya huda leda ta ga gero, Allah Ya sa mai gona ce, ba kunu za ta dama ba.

Gida

Mun iso da la'asar, hadari ya haɗu a gabas. Baba yana ƙofar gida, sungumi a jingine kusa da shi. Na gaya masa abin da ya faru a shinge ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba. Ya kankare man roba ɗaya, ya ɗebi ƙwaya ya hura tokar, ya ciza.

"Da ransa," ya ce. "Kawo sauran. Da asuba za ni binne shi, hadarin ga ba ya tafiya banza."

Na dubi hadarin. Irin na sau biyun nan ne, mai iska da yawa. Na ware roba uku na ajiye gabansa. Sauran na shige da su ɗaki na tura ƙarƙashin zannuwana, na ɗora kwallina da madubi a sama.

"Balki."

"Sai ƙasa ta jiƙa har wuyan hannu, Baba."

"Ɗiya ba ta yi ma ubanta haka."

"Ga su can cikin kayana. In kana so ka ɗauka."

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ya ga inda suke. Amma uba ba ya sa hannu cikin kayan ɗiyarsa budurwa, ko da gari zai ƙone. Ya juya ga Inna, Inna ta sunkuyar da kai tana tsince wake. Ya fita. Kwanaki bai amsa gaisuwata ba.

Ya binne ukun. Yayyafi ya sauka, gero ya leƙo, rana ta ƙone shi. Ban ji daɗin zama mai gaskiya ba. Kullum sai na buɗe robobin na duba, ina tsoron zafin ɗaki ya kashe su, ina tsoron kuma damina ta wuce ina riƙe da iri kamar mahaukaciya.

Ruwan gaske ya zo wata Alhamis da rana, har ya rushe mana katangar baya. Da ya ɗauke na tafi gona na tura hannu cikin ƙasa. Ya wuce wuyan hannu. Na dawo da gudu na zube robobin gaban Baba. Washegari yana sara, ni da Inna muna bin sa muna jefa ƙwaya kaɗan-kaɗan a kowane rami don ya kai. Gonar bayan gari kaɗai ya rufe. Ta nesa ta kwana fayau bana.

Ran da tsiron ya yi ganye biyu, Baba ya dawo daga gona ya zauna bisa turmi yana duban diddigensa da faso ya tsattsaga. Bai dube ni ba.

"Man nan na Hajo," ya ce, "akwai saura?"

Na kawo masa roba guda cikakkiya, na tsuguna na shafa masa da kaina.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Gwaggo Hajo da kaskonta, da Sani da ya haƙura da bakina. Geron ya kai gwiwa yanzu. Masu karanta wannan, ku sa mu cikin addu'a, ruwa biyu ko uku muke nema nan gaba.