Rigar Sanyin da Ba Ta Je Turai Ba

Ni na yi aikin, Oga Sanusi, shugaban ƙungiyarmu, ya hau jirgi. Haka na faɗa a gabansa a wancan lokaci, haka nake faɗa yau, kuma ban janye ba. Ni na bi garuruwan Shinkafi da Zurmi a bayan babur ina tattara maganar mata, wata rana ko ruwan kirki ban sha ba. Da tafiya Turai ta tashi sai aka tuna cewa Turancin Asabe na ajin yamma ne. To, na ajin yamma ne. Sai da na yaye ɗana na huɗu sannan na shiga yaƙi da jahilci, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma ku da aka ɗauka aiki bana, ba don ku taya ni jin haushi nake ba ku wannan labari ba. Ranar da ta tsaya mini a rai ita ce ranar da na tara mata a ofishinmu na Kaura Namoda don su kalli duniya tana yi wa Najeriya tambayoyi.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Duk bayan 'yan shekaru, kowace ƙasa takan zauna a gaban sauran ƙasashe a duba yadda take riƙe haƙƙin mutanenta. Ba kotu ba ce, ba a ɗaure kowa. Gwamnati ta kai nata rahoton, ƙungiyoyi irin tamu su haɗa kai su aika nasu tun da wuri. Ranar zama, wakilin kowace ƙasa ya ba da shawara, daga baya gwamnati ta ce wannan na karɓa, wannan na dai ji. Aikina shi ne in saurari mutane in kawo maganarsu ofis. Dokoki biyu aka kafa mana: a cire sunan duk wanda ya yi magana don kada a bi shi, kuma kada a yi wa kowa alkawari. Ni ce ma nake karantar da sababbi waɗannan dokoki, da tsawa.

A Zurmi na haɗu da Inna Hajo, tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, wadda tashin hankali ya raba da rugarsu ta dawo cikin gari. Ɗanta Sambo, magidanci mai 'ya'ya, ya kai tumaki kasuwar Shinkafi, wasu masu kaki suka yi kame suka haɗa da shi. Tun daga ranar ba ta san inda yake ba. Ba ta yi kuka ba da take gaya mini, tana ta goge bakin ƙwarya da gefen mayafi. Ni ce zuciyata ta hau. Na buga ƙirji na ce, "Inna, wallahi da bakina zan faɗi sunan Sambo a gaban ƙasashen duniya."

Ta dube ni ta ce, "Aiken ki na yi ke nan, Malama. Allah shi kai ki."

Kun ga dokoki biyun nan? A numfashi ɗaya na karya su.

Ban tsaya nan ba. Tun ba wanda ya ce da ni za a tafi, na je na yi fasfo. Na ji an ce sanyin can yana tsinke kunne, sai na shiga wajen 'yan gwanjo na zaɓo wata rigar sanyi mai nauyi kamar bargo, mai gashi a wuya. Maigidana ya gan ni ina gwada ta gaban madubi ya ce, "Asabe, tunkiyar wa kika feɗe?" Ban kula shi ba. Mako na zagayowa aka sanar cewa kujera ɗaya aka ba ƙungiyoyin yankinmu, kuma Oga Sanusi ne zai zauna a kai.

Na shiga ofishinsa ban yi sallama ba. Ya ce, "Hajiya Asabe, ki yi haƙuri, ko ni ba magana zan yi ba. Ƙungiyoyi ba sa magana a wannan zaman, kallo ne namu."

Na ce, "Oga, in kallo ne ai ni ma ina da idanu."

Ban yarda da shi ba. Na ɗauka yana lallashina ne.

Da na ji za a nuna zaman kai tsaye ta intanet, na ce to, in ban je Turai ba, Turai za ta zo Kaura. Na aro talabijin, na sa aka zuba wa janareto mai, na aika wa matan da na yi hira da su. Suka zo daga Badarawa da Katuru da Zurmi, matan manoma da matan makiyaya, waɗansu ma ba sa ga maciji da juna, amma tabarma ɗaya ta ɗauke su. Inna Hajo ta zauna gaba, dab da talabijin. Ni kuma, don haushi, na sa rigar sanyina. Rana tsaka, a Kaura Namoda. Na ce tunda na saya don wannan zama, a wannan zama za a sa ta.

Aka fara. Ni ce tafinta. Wakilin ƙasa ta farko ya yi wa tawagar gwamnatinmu maraba, ya yaba da ƙoƙarin da ake yi, ya faɗi shawara cikin sauri kamar ana korarsa, aka ce lokacinsa ya ƙare.

Mata suka ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Gaisuwa ya yi."

Na biyu ya karɓa. Na ce, "Shi ma gaisuwa ce, amma ya taɓo maganar makaranta." Na uku ya yi da Faransanci, mai fassara yana binsa a guje, ni ina bin mai fassara, gumi yana bina. Wata mata daga Badarawa ta ce, "Mutanen ga sun fi mu gaisuwa. Yaushe za a shiga magana?" Aka yi dariya, har da Inna Hajo.

Can sai kyamara ta waiwaya bayan zaure, na hango Oga Sanusi a kujerar ƙarshe, ya manna abin sauraro a kunne, bakinsa a rufe. Ashe gaskiya ya faɗa mini. Na yi tsalle na ce, "Ku gan shi! Ko tari bai isa ya yi ba!" Ina cikin murna sai abin ya faɗo mini: da ni ce a kujerar nan, da haka zan zauna da tunkiyata, shiru. Kuma ko da an ba ni magana, da hannuna na goge sunan Sambo daga rahoton. Na koma na zauna a hankali.

An yi nisa, sai wata mata, wakiliyar wata ƙaramar ƙasa da ban san inda take a taswira ba, ta ba da shawarar cewa duk wanda aka kama a kai shi gaban alƙali ko a sake shi, kuma a sanar da iyalinsa inda yake. Na fassara da ƙarfi.

Inna Hajo ta ce, "Wagga ta san Sambo?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To mi mutanenmu sunka ce mata?"

Na ce za su duba dukkan shawarwarin, su ba da amsa bayan wasu watanni. Haka tsarin yake.

"Sun faɗi inda yake?"

Wallahi ƙarya ta zo har bakina. Da na ce mata sun yi alkawarin sakinsa, ba mai ƙaryata ni a ɗakin, ni kaɗai ke jin Turanci. Na haɗiye na ce, "Ba su faɗa ba, Inna. Ba a ambaci sunansa ba, kuma ba za a ambata ba. Bakina ne ya yi sauri."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi, don faɗa gidana ne. Ta miƙo hannu ta shafa gashin wuyan rigar ta ce, "Turai ta yi nisa, ban ga laifinki ba. Gusau fa? Kin taɓa zuwa kinka tambaya?"

Gusau. Motar da take cika kullum a tasharmu. Na yi fasfo, na sayi riga, na yi rigima da Oga, amma ban taɓa taka ƙafa zuwa Gusau na tambayi ko akwai mai suna Sambo a hannun wani ba. Ita ba ta jin Turanci, ba ta san ƙofar da ake bugawa ba. Ni na sani. Har lambar wani lauya mai taimakon irin waɗannan mutane kyauta tana cikin wayata.

Ta ƙara da cewa, a hankali, "Da 'yar shara ɗai anka tafi da shi. Ga sanyi na tafe."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Zaman ƙasashen nan yana da amfani, don yana sa manya su amsa tambaya a gaban takwarorinsu, kuma in sun karɓi shawara muna da abin da za mu tuna musu. Amma babu wakilin da zai sauko daga can ya buga ƙofa a madadin Inna Hajo. Wannan namu ne. Mu ma'aikatan irin wannan aiki muna son aiken da zai kai mu nesa, na kusa kuma mu bar shi yana jira.

Ranar ban bar ta ta koma Zurmi ba, a gidana ta kwana. Da safe na kira lauyan ya ce mu same shi a bakin kotu. Na ninke rigar sanyin na sa a leda, na ce wa Inna Hajo in an samu Sambo tasa ce. Maigidana ya ce, "Ina kuma za a kai tunkiyar?"

Na ce, "Gusau."

Na riƙe hannun tsohuwa muka nufi tasha.