Mai Shayar da Bulo

Shekarar da muka gina aji biyu na lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauye bayan Gazawa aka haɗa mu da wani Bagobiri daga wajen Gidan Rumji. Dogo ne kamar an manta ba a tsayar da shi ba, maganarsa kuma idan ka tara ta wata guda ba ta cika cokali.

Mu ƙa'idarmu, ka buga bulo yau, rana ta gasa shi, jibi ya hau gini. Shi kuwa kullum da sassafe sai ya saɓa jarka biyu ya nufi rijiya, rijiyar da idan ka jefa guga sai ka je ka yi kalaci ka dawo kafin ta taɓa ruwa. Ya zo ya bi bulo ɗaya bayan ɗaya yana yayyafa musu.

Na ce, "Baba, yaushe za su tsiro? A sa mini buhu guda in an yi girbi."

Ya ce, "Ƙishirwa gare su."

Ka ji fa. Siminti da ƙishirwa! Na laƙaba masa Mai Lambu, sunan ya bi shi har kasuwar Cadawa. Ko a jikinsa. Bai taɓa ce wa kowa ya ɗauki jarka ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ya yi mana wa'azi, da mun samu abin ramawa.

Rannan wani ɗan bunsuru, wanda duk namansa bai fi tsire uku ba, ya yi tsalle ya dira kan bulon da ni na buga, wanda ruwan Mai Lambu bai kai gare shi ba. Bulo ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Sai dai ƙauyen nan na surukaina ne, kuma 'yata ta fari tana hannun kakarta a can. Baɗi ita za ta zauna gindin bangon nan.

Ana haka aka yi wa Mai Lambu haihuwa, ya tafi gida bikin suna na kwana uku. Washegari na ɗauki jarka na lallaɓa ta bayan dangar mutane kamar ɓarawon kaza. Ina cikin yayyafi sai ga wani abokin aikinmu, gajere, wanda ya fi ni iya yi wa Bagobirin shaƙiyanci.

"Kai, mi kake yi nan?"

"Alwala."

"Da jarka guda? Zunubin naka ya kai haka?"

"To kai wannan da ke bayanka fa, tulun amarya ne?"

Ya duba jarkarsa kamar yau ya fara ganinta. Kowa ya kama layinsa na bulo.

Da Mai Lambu ya dawo ya tarar da bulo sharkaf. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo. Mutumin nan ya sa yatsa ya taɓa ɗaya, ya ce, "Ya yi yawa." Ya wuce abinsa.

Har yau bulon bai tsiro ba. Yarinyar dai tana aji huɗu yanzu, kuma in ji malaminsu, bangon take jingina da shi ta yi barcinta.