Ɗumin Allurar da Ba a Gaya wa Baba Ba

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu, ni da Baba da ƙanwata. Wata uku ke nan cikinsa yana ciwo, likita a Ɗambatta ya rubuta mana takardar hoton ciki a Kano, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura. An ce kada ya ci komai. An auna ƙodarsa tun makon da ya wuce. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan.

Tun da mai ya yi tsada, direba ba ya tashi sai mota ta cika ta batse, har da buhuna a ƙarƙashin ƙafafunmu. Gero ya fara kai dama da hagu. Baba yana leƙe ta taga yana kushe noman mutane: "Wannan bai yi maimai ba. Rago ne." A tasha wata mai ƙosai ta miƙo masa, ya ce, "Baiwar Allah, yau likita ya sa ni azumin da babu lada."

A asibitin Kano, layi bai zo kanmu ba sai bayan azahar. Baba ya yi sallah, ya shiga da alwalarsa. Ma'aikaciyar sa'ar ƙanwata ce. Ta sa masa allura a jijiyar hannu, ta ce, "Baba, kada ka motsa." Mu kuma aka ce mu jira a waje.

Bai daɗe ba ya fito, ya damƙe gaban rigarsa, bai kalli kowa ba. Aka ce ya tashi zaune ana tsakiyar ɗauka, hoton ya lalace, mu dawo wani makon. Shi kuwa cewa ya yi, "Mu tafi gida."

Sai da muka wuce Ɗambatta, ƙanwata ta yi barci, sannan ya raɗa mini, "Na yi fitsari a gaban 'yar mutane."

Na taɓa wandonsa. A bushe yake.

"Baba, babu komai."

"Bushewa ya yi. Na ji shi da ɗuminsa. Kada ka rufe ni."

Bai sake yarda an koma ba. Mun roƙe shi, liman ma ya sa baki. Ya rasu ana girbin dawa.

Bayan sadakar arba'in na tambayi wani malamin asibiti a garinmu. Ya ce ruwa ne ake ɗurawa a jijiya don kayan ciki su fito sosai a hoto. Idan ya shiga, jiki yana ɗumi, baki yana ɗanɗanon ƙarfe, mutane da yawa suna ji kamar fitsari ya kufce musu, alhali babu komai, kuma nan da nan yake wucewa. Abin da ake so a faɗa wa ma'aikata da sauri shi ne ƙaiƙayi ko toshewar numfashi. Bayan an gama a sha ruwa da yawa.

Ban ce hoto yana hana ajali ba. Amma bayanin nan bai kai tsawon gaisuwa ba, kuma a ɗakin hoton nan kullum ake wannan aiki. Ma'aikatan sun sani, ba su faɗa ba. Wanda zai kai tsohonsa, ya gaya masa da bakinsa tun a gida.

Ranar da muka dawo, Baba ya hana kowa taɓa wandon nan. Da hannunsa ya wanke shi a bayan rumbu, wandon da babu komai a jikinsa.