Ranar da Na Zuba wa Murjanin Maigida Alam

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen asibiti, kujera ta zama gidansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba jinin jama'a ya wayi gari ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa. Ya zauna a falonmu na Tudun Wada, ba hira, coci sai na ja shi, tuwo ya tsakura ya ture. Gaskiya na tsorata, don na ga yadda irin wannan zaman ya cinye wasu abokan aikinsa.

Ana nan sai ya ga wani abu a waya, wai murjani mai rai. Ni murjanin da na sani na wuyan mata ne, ashe asalinsa halitta ce ta teku. Ya sa aka aiko masa daga Legas, da akwatin gilashi, da injin juya ruwa, da gishiri na musamman, don namu na miya bai isa ba. Abin da ya fito daga leda bai kai dunƙulen hannu ba: dutse mai 'yan kofuna ruwan lemo, kowane kofi da bakinsa.

Da yake maigidana bai taɓa son abu mai sauƙi ba, bai zaɓi irin wanda haske ke ciyarwa ba, wanda za ka kunna wa fitila ka kama gabanka. Nasa ba ruwansa da haske. Sai an bi kowane baki an ɗura masa 'yan mitsi-mitsin jatan lande da sirinji. In ka rage abinci ya rame, in ka cika ruwa ya ɓaci ya kashe shi. Zafi bai yi masa ba, ruwa kuma kada ya tsaya cak. Duk wannan a Zariya, inda wuta ke zuwa gaisuwa ta koma.

Ikon Allah! Shekara nawa ina roƙon a saka mana sola, ana ce mini a yi haƙuri, amma dutse na zuwa aka saka. Ƙanƙarar da nake ajiyewa don zoɓo ita ake ɗaurewa a leda a jefa masa in bazara ta yi. Mutumin da bai taɓa ba 'ya'yanmu huɗu ko cokali ɗaya na kunu ba, ga shi a durƙushe yana lallashin dutse ya buɗe baki. Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo ta duba, ta tambaya yaushe zai fara zubar da duwatsun wuya, a ajiye mata. Ya yi mata bayani har ta manta abin da ya kawo ta.

Na tsani abin nan, ba zan ɓoye ba. Amma maigida ya koma tashi da sassafe, yana cinye tuwonsa, har waƙa nake ji yana yi a banɗaki. Sai na haɗiye.

Wata ranar Laraba ya tafi Kaduna tantancewar 'yan fansho, inda ake tara tsofaffi su tabbatar da bakinsu cewa ba su mutu ba. Kwana biyu zai yi. Kafin ya fita ya ɗura wa abin nasa abinci har da na guzuri, ya ja mini kunne kada in taɓa komai. Washegari kuma ni ke karɓar zumuntar matan cocinmu. Na share, na goge, na fito da kofunan baƙi. Da na juya sai ga akwati a tsakiyar falo, ruwansa ya yi dusu-dusu kamar na wankin shinkafa.

Haba, a falona? Matan da za su zo har daga Gyallesu, cikinsu akwai mai shafa tebur da yatsa tana yi maka murmushi. Duk macen da ta taɓa ɗiban ruwan rijiya da damina ta san maganin ruwa mai laka. Na ɗauko alam, na daka kaɗan, na barbaɗa, na ƙara don ya kama da wuri. Kafin la'asar datti ya kwanta, ruwa ya yi garau. Mata suka yi ta yabo, ni kuwa ina ta fankama kamar ni na haƙo tekun.

Da gari ya waye duk bakunan sun rufe. Zuwa azahar naman ruwan lemon ya fara saɓulewa, farin ƙashi na fitowa, falo ya ɗauki ƙarni. Na kwashe guiɓin alam ɗin da ya kwanta a ƙasa, na yi addu'a, na sake yin wata. Bai tashi ba.

Maigida ya dawo da yamma. Bai ajiye jaka ba ya nufi akwatin, ya daɗe a tsaye. Na shirya wa tsawa, amma ba ta zo ba. Ya zare wayar injin daga soket, ya je ya zauna.

"Ni na kashe shi," ya ce a hankali. "Na cika masa abinci. Abin da ɗalibin shekarar farko ba zai yi ba. Hannun ya tafi, Malama. Gara da suka sallame ni."

Da na ja bakina na yi shiru, shi ke nan, na huta. Ba akwati, ba ƙarni, ƙanƙarata ta dawo mini, ba kuma wanda zai taɓa sani. Amma na dubi yadda ya zube kafaɗu, sai na matsa kusa da shi.

"Maigida, ba kai ba ne. Alam na zuba."

Ya ɗago kai. "Me kika zuba?"

"Alam. Ruwan ne ya yi datti, ga baƙi."

Ya miƙe tsaye. Tun aurenmu ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. Ya yi mini lacca a kan abin da alam ke yi wa ruwan gishiri, ya zana a bayan takardar tantancewarsa, ya tambaye ni ko a makarantar da na koyar haka muke tarbiyyar 'ya'yan mutane. Yana faɗa yana kai da komo, yana lissafa abin da zai canza: ya wanke akwati sau uku, ya sa masa murfi da kwaɗo, makulli kuma a aljihunsa. Bai gama huce haushi ba ya ɗauki waya ya kira mutumin Legas, ya ce wannan karon guda biyu yake so.

Biyu, jama'a, a falona. Na zauna na sunkuyar da kai ina shan faɗa, ina ta ba da haƙuri, ina matse baki don kada ya ga daɗin da nake ji.