Tano Zai Tafi Garin Ubansa

Kullum in rana ta yi sanyi, Don Osvaldo Talarico yakan fito da kujerarsa ƙofar gida, babban kofin gahawa da madara a hannu ɗaya, gutsuren burodin jiya a ɗayan. Yana tsomawa yana ci, yana amsa gaisuwar masu wucewa, ba ya sauri. Haka yake yi tun yana gyaran birki a ma'aikatar jirgin ƙasa ta birnin Rosario. Da ya yi ritaya bai canja ba. Ko da matarsa Elvira ta rasu, 'yan kwanaki ya yi a ɗaka ya sake fitowa da kofinsa. Shi ya sa ranar da aka wuce aka gan shi zaune hannu rabbana, unguwa ta san akwai magana.

Babu mai ce masa Osvaldo sai likitansa. Tano ake kiransa, sunan da muke ba wanda iyayensa suka zo daga Italiya. Rabin unguwar nan jininsu daga can yake, amma a kansa sunan ya zauna, shi kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu. Ubansa Saverio ya sauko daga jirgin ruwa yana saurayi, daga wani ƙauye a duwatsun Kalabriya da ke kudancin Italiya, bai kuwa sake komawa ba. Shi Osvaldo bai taɓa haye teku ba. Abin da ya tsaya masa a matsayin shaida shi ne tukunyar Lahadi: taliyar da ya kwaɓa da hannunsa, miyar tumatir da ke kan wuta tun asuba har ta yi duhu, tsokar naman sa kamar dunƙulen hannu a zaune bisa taliyar, da cuku a tule har ba a ganin ja. In ya ajiye farantin gaban baƙo sai ya ce, “Haka ake ci a garinmu.” Garin da bai taɓa gani ba yake nufi, kuma ba wanda ya taɓa yi masa musu.

'Yarsa Griselda ce ta yanko musu tikiti, ita da shi, don cikarsa shekara saba'in. Za su sauka a gidan Nunziata, 'yar ƙanwar Saverio, tsohuwa ce da ta girme shi, wadda ba su san juna ba sai a waya lokacin Kirsimeti. Fasfo ya fito, an sayi akwati, an sa wa takalmansa sabon ƙasa. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi ya zo ne wata yamma, Griselda na zaune a dakali kusa da shi tana karatu a wayarta.

“Baba, a can fa ba a shan gahawa da madara in rana ta yi tsaka. Na safe ne kawai.”

“Wa ya hana?”

“Ba wanda ya hana. Kallonka kawai za su yi, su gane baƙo ne.”

Ya dubi kofin ya daɗe. Ta ci gaba da karantawa, ba ta lura ba. An ce miya ɗan shafe taliya take yi, ba a nutsar da ita. An ce nama ba ya hawa kan taliya, farantinsa daban, sai an gama da na farko yake zuwa. Wuƙa kuwa ko kusa da taliya ba ta zuwa, da cokali mai yatsu kaɗai ake naɗe ta.

“Wane maƙaryaci ne ya rubuta wannan?”

“Mutanen can ne, Baba.”

Ya tashi ya shiga gida da sauran gahawarsa a kofi. Ba dariyar mutanen ƙauye yake tsoro ba, ya sha dariya a duniya. Abin da yake gani a ransa shi ne teburin Nunziata, dangin ubansa a jere, shi kuma da wuƙa a hannu, su dubi juna su yi shiru irin shirun da ake yi wa baƙo don kada a kunyata shi. In aka yi haka, ya dawo unguwa aka ce Tano, da wane baki zai amsa? Sunan ya zama rigar aro ke nan.

Sai ya shiga koyo, a shekarun da ake cewa icce ya riga ya bushe. Da yamma ya daina fitowa da kofi. Yakan tsaya a kicin ya kurɓe 'yar baƙar gahawa mai ɗaci a tsaye, ya yamutsa fuska, sannan ya fito ya zauna hannu ba komai. Ran Lahadi Griselda ta ɗauke wuƙar daga gefen farantinsa ta sa a aljihun rigarta. Ta zuba miya cokali biyu ta juya, ta ajiye naman can nesa a kan murhu.

“Wannan taliyar jinya take yi?” in ji shi.

“Ci dai, tsoho. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura.”

Ya kafa cokalin ya juya, taliyar ta taru ta zama ƙatuwa kamar kan jariri. Ya rage, ya sake juyawa, ya ɗaga, ta sulale ta koma faranti ta fantsama masa miya a ƙirji. Hannun da ya shekara arba'in yana ɗaure birkin jirgi ya kasa riƙe zaren fulawa. Ya canja riga. Lahadin da ta biyo ma ya canja riga.

Labari ba ya ɓuya a unguwarmu. Da ya shiga kulob inda tsofaffi ke karta, abokinsa Anselmo, wanda suka yi aikin jirgi tare, ya ɗaga murya tun daga nesa.

“Ku ba ɗan makaranta hanya! An ce 'yarka ta ƙwace maka wuƙa don kada ka yanke, gaskiya ne?”

“Raba karta, kai dai.”

“Shekara da shekaru kana cika mana kunne da garinmu, garinmu. Ashe ko cin taliya ba ka iya ba! Gara ni, kakana makiyayi ne, ban taɓa cewa na iya komai ba sai gasa nama.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma bai jira aka gama zagayen ba, ya ce ya bar ruwa a kan wuta.

Ana saura kwana kaɗan tafiya, ran Lahadi, Griselda ta jingina wayarta da kwalbar ruwa a kan tebur ta kira Nunziata don a gaisa ana ganin juna. Don Osvaldo ya sa farar riga, ya zauna a miƙe gaban ɗan farantinsa. So yake ta gani. Tsohuwar ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. Da harshen ƙauyensu take magana, shi kuma yana amsawa da guntayen da ya tsinta a bakin ubansa.

“Ɗan kawu, ciwo kake yi? Wannan ɗan abin za ka ci?”

Ya ce a'a, shiri yake yi, kada ya zo ya ba su kunya. Sannan ya tambayi abin da ya daɗe yana ci masa rai. Ya kwatanta mata tukunyar ubansa, da miyar, da naman a bisa, da cukun. Ya ce ko dai a ƙauyensu ne kaɗai ake yin ta haka, masu rubutu a waya ba su sani ba.

Nunziata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, wani ya miƙo mata ruwa.

“Nama? A gidanmu? Wayyo ɗan kawu! Lokacin da kawu Saverio ya tafi, taliya da wake ake ci, in an samu. In ba a samu ba, ganyen bakin hanya mai ɗaci da ɗan mai. Cukun ma na kasuwa ne, ba na bakinmu ba.” Ta share ido da gefen mayafi. “Wani da ya dawo daga wajenku ya ce ya ga Saverio yana cin nama kowace Lahadi, a kan taliya, faranti ɗaya. Ƙauye duka aka ce ƙarya yake yi. Uwata kaɗai ta yarda. Takan ce, da ma in ga farantin nan na yayana da idona. Ba ta gani ba.”

Griselda ta sunkuyar da kai. Don Osvaldo na kallon farantinsa.

“In ka zo, kai za ka shiga kicin,” in ji tsohuwar. “Irin namu na ci har haƙorana sun zube. Naku nake so.”

Ya tashi a hankali ya je murhu. Ya dawo da tukunyar, ya kwarara miya har taliyar ta nutse, ya ɗora tsokar nama a tsakiya, ya tula cuku. Ya juya farantin ya fuskanci wayar. Can ƙauyen aka ji Nunziata tana kiran wasu su zo su gani. Shi kuwa ya miƙa wa 'yarsa hannu, ta ciro wuƙar daga aljihu ta ba shi.

“Kai, kai, kai!” in ji Nunziata. “Naman na yarda. Wuƙar nan kam abin kunya ce, a nan za ka bar ta.”

Washegari a kulob, kafin Anselmo ya buɗe baki, Don Osvaldo ya faɗa masa da kansa cewa miyar ba daga can ta zo ba. A nan Saverio ya fara ta, a kicin ɗin haya bayan tashar jirgi, ranar da ya ga zai iya sayen nama.

“To yanzu me za mu riƙa kiranka?”

“Abin da ka saba, tsohon banza. Raba.”

Ana gobe tafiya ya ɗauko sandar murjin taliyarsa, doguwa, wadda ubansa ya sassaƙa daga guntun katakon layin dogo. Tunda shi zai yi girki, ba ya son murji da sandar wani. Ya gwada ta a akwati, ta fi shi tsawo da kamar taƙi ɗaya. Ya gwada ta a karkace, ba ta shiga ba. Griselda ta ce ai can ma akwai sanda, ƙasar taliya ce fa. Shi dai ya kai sandar rumfar bayan gida, ya matse ta a bakin ƙarfen da yake riƙe aiki da shi, ya ja layi da fensir, ya ɗora zarto. Ya ja sau uku ko huɗu, jan garin katako ya zubo masa a takalmi. Sai ya tsaya. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya shafa inda hannun ubansa ya sa katakon ya yi santsi. Daga cikin gida Griselda ta kira shi ya zo ya nuna mata magungunan da zai tafi da su, ya tafi.

Har yanzu ba su dawo ba. Anselmo ne aka bar wa mabuɗi don ya riƙa ba kyanwa abinci. Ya ce sandar tana nan a matse inda take, zarton ma yana tsaye a cikin tsagar, bai shiga ko kaurin ɗan yatsa ba. Ya ce ya so ya cire ya rataye, sai ya ga ba aikinsa ba ne.